Yadda za ka samar wa majinyacinka gadon farfaɗowa a asibitin karkara a Amurka bayan sallama

Ranar da likita ya shigo ya ce jibi za a sallami Baba kowa murna yake yi, ana ta kiran waya ana sanar da dangi, sai an zo batun tashi daga gado zuwa banɗaki sannan hankali ya dawo jiki, mutumin da ya shiga asibiti da ƙafarsa yanzu sai mutum biyu sun kama shi, ga ɗinki bai warke ba, ga allura da ake masa ta jijiya wadda likita ya ce sai an yi sati huɗu ana yi. Toh ina za a kai shi? Gida babu mai iya wannan aikin, babban asibitin kuma ya gama nasa, gadon ma wani ke jira. A wannan tsakanin ne mutane ke ruɗewa, musamman waɗanda ke zaune a ƙananan garuruwan Amurka inda babban asibiti yake tafiyar awa biyu ko uku. Abin da nake so in nuna maku shi ne akwai matakala tsakanin babban asibiti da gida, kuma sau da yawa tana nan a ɗan asibitin garinku da kuke wucewa kullum, amma sai kun tambaya da bakinku, kuma sai kun tambaya da wuri.

Turawa suna ce wa tsarin suwin bed, mu ce gadon juyi, saboda gado ɗaya ne yake juyawa, yau a kwantar da mai ciwo mai zafi a kansa gobe kuma ya koma na mai murmurewa da ke buƙatar nas da masu gashi, wato masu sa shi motsa jiki don ƙarfinsa ya dawo. Tun 1973 aka fara gwada shi a jihar Utah, majalisa ta mayar da shi doka a 1980, da farko ga asibitocin karkara masu gado ƙasa da 50, a 1987 aka faɗaɗa zuwa masu ƙasa da 100. Yawancin masu yin sa yanzu su ne ƙananan asibitocin da ake kira CAH, waɗanda dokar kasafin kuɗi ta 1997 ta ƙirƙiro: gadonsu ba ya wuce 25, a ƙa'ida nisansu da wani asibiti ya kamata ya haura mil 35 ko mil 15 in hanyar duwatsu ce, kuma ɗakin gaggawarsu a buɗe yake dare da rana. Sun fi 1,300 a faɗin ƙasar. Matsakaicin kwanciyar mai ciwo mai zafi a irinsu bai kamata ya wuce awa 96 ba, amma wannan iyakar ba ta shafi wanda ke gadon juyi ba, shi ya sa mutum zai iya sati biyu ko uku a can yana gashi.

Abu na farko, kuma wallahi shi ne ya fi cin mutane, shi ne ƙirga kwana. Medicare na asali, wato inshorar lafiyar tsofaffi da gwamnatin tarayya ke gudanarwa da kanta, ba ya biyan kuɗin gadon juyi sai majinyaci ya yi kwana uku a jere a matsayin wanda aka kwantar a hukumance. Ana lissafa ranar da aka rubuta umarnin kwantarwa, ba a lissafa ranar sallama. Sannan duk lokacin da ya yi a ɗakin gaggawa ko a ƙarƙashin abin da suke kira obzabeshan, wato zaman sa ido, ba ya shiga lissafi, ko da kuwa an ba shi gado a sama an sa masa rigar asibiti an ɗaura masa ruwa ana kawo masa abinci. Da ido ba za ka bambance ba. A ce Mama ta faɗi Litinin da dare aka kai ta gaggawa, Talata aka riƙe ta ana sa ido, sai Laraba likita ya rubuta a kwantar da ita, Juma'a aka sallame ta. Kai a lissafinka ta kwana huɗu a asibiti, su kuma a nasu Laraba da Alhamis ne kawai, kwana biyu, an rasa da kwana ɗaya tal, kuma wannan kwana ɗayan zai iya zama dubban daloli daga aljihunku. A lokacin korona an ɗage wannan sharaɗin amma ɗagawar ta ƙare ranar 11 ga Mayu 2023, don haka kada wani ya ce maka ai lokacin da aka kwantar da nasa ba a yi wannan lissafin ba.

Saboda haka tun ranar farko ka tambayi nas ko likita kai tsaye, an kwantar da ita a hukumance ne ko sa ido ake yi, kuma yaushe aka rubuta umarnin, da wane ƙarfe. Ka rubuta a waya ko takarda. Gobe ka sake tambaya don matsayin yana canzawa ba tare da an tara ku an faɗa ba. Doka ta ce idan zaman sa ido ya wuce awa 24 dole su ba ku wata takarda mai suna MOON kafin a cika awa 36, kuma su yi maku bayani da baki. In ka ga wannan takardar to ka san kwanakin ba sa ƙirguwa, ka nemi ganin likitan ka tambaye shi, tunda ga dukkan alamu za ta wuce dare biyu tana buƙatar kulawar asibiti me ya hana a kwantar da ita? Akwai ƙa'idar dare biyu da Medicare ya kawo a 2013 wadda ita likitoci ke dubawa. Ba faɗa za ka yi ba, tambaya ce cikin mutunci, kuma likitan iyali na gida in kun kira shi yakan iya sa baki. Tun Fabrairun 2025 ma akwai hanyar ɗaukaka ƙara ga wanda aka fara kwantarwa a hukumance daga baya asibiti ya mayar da shi zaman sa ido.

In kuma majinyacin yana kan Medicare Advantage ne, wato wanda kamfanonin inshora ke gudanarwa, lissafin daban ne. Da yawansu ba sa neman kwana ukun, amma suna neman a nemi izininsu kafin a kai mutum, kuma suna da jerin wuraren da suke hulɗa da su. Ka juya katin ka kira lambar da ke baya, ka ambaci sunan ɗan asibitin garinku ka ji ko yana ciki, ka ji nawa za ku biya a kowace rana. Izinin yakan ɗauki kwanaki, shi ya sa jira sai ranar sallama kuskure ne. Mai inshorar wurin aiki ko Medicaid, wato tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, shi ma haka, a kira a ji, don Medicaid kowace jiha da nata tsarin.

Sharaɗi na biyu shi ne likita ya tabbatar cewa mutum yana buƙatar aikin ƙwararru kullum, ko dai aikin nas kwana bakwai a sati ko gashi aƙalla kwana biyar a sati. Aikin ƙwararru shi ne irin allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, wankin babban ciwo da ɗaure shi, ciyarwa ta roba, koya wa mutum kula da jakar bahaya da aka yi masa a ciki, daidaita insulin ga wanda sugansa ke hawa da sauka, gashi bayan karayar ƙugu ko canjin gwiwa ko shanyewar ɓarin jiki, dawo da ƙarfin wanda ciwon huhu ko na zuciya ya kwantar. Amma wanka da sa kaya da ba da abinci da kai mutum banɗaki, in su kaɗai ne buƙatar, Medicare ba ya ɗaukarsu aikin ƙwararru, kuma ba ya biyan zaman dindindin a gidan kula da tsofaffi, wannan sai Medicaid ga wanda ya cancanta ko aljihu. Don haka lokacin da kake magana da likita kada ka tsaya a kan "ba mu da mai kula da shi a gida", gaskiya ce amma ba ita ke buɗe ƙofa ba. Ka faɗi abin da yake yi da kansa kafin ciwon da abin da ya kasa yanzu, da yana hawa bene yana tuƙi yanzu ba ya iya miƙewa daga kujera. Ka roƙa masu gashi su zo su gwada shi tun yana babban asibitin, don rahotonsu ne ake turawa.

Wanda za ka nema a babban asibiti shi ne mai tsara sallama, wani wuri nas ce wani wuri jami'in walwala. Kada ka jira su neme ka. Za su kawo maka jerin gidajen jinya, kuma doka ta ba majinyaci damar zaɓa, sai dai jerin yakan cika da wuraren da ke kusa da su can birni, ɗan asibitin garinku ba lallai ya fito a kai ba. Kai ne za ka ce muna da asibiti kusa da gida, a tambaya ko suna da suwin bed. Ni shawarata ma ka kira asibitin da kanka ka ce a haɗa ka da mai kula da shirin, galibi nas ɗaya ce ke riƙe da shi kuma za ta gaya maka ko akwai gado, sannan ta nemi a turo mata fayil. Ka tabbatar asibitin yana da gadajen kwanciya har yanzu, saboda tun Janairun 2023 an fito da wani sabon rukuni na asibitin gaggawa na karkara wanda ba ya kwantar da mutane, irin waɗannan ba su da gadon juyi, ga kuma asibitocin karkara fiye da 100 da suka rufe ko suka daina kwantarwa tun daga 2010. In kuma a ɗan asibitin aka yi jinyar tun farko abin ya zo da sauƙi, a takarda za a sallame shi a sake karɓarsa, wani lokaci ko ɗaki ba zai canza ba.

Da ka samu mai kula da shirin a waya ka yi mata tambayoyin da za su nuna maka ko wurin ya dace da ciwon naku, don ba kowane ƙaramin asibiti ne ke da komai ba. Kwana nawa a sati ake gashi, Asabar da Lahadi fa? Akwai mai koyar da magana da haɗiya a wurin ko zuwa yake daga wani gari sau ɗaya a sati? Wannan babbar tambaya ce ga mai shanyewar ɓarin jiki. Maganin da aka rubuta masa suna da shi a famasinsu? Mai wankin ƙoda ya tambaya yadda za a yi da kwanakin wankinsa, da wanda zai kai shi. Wa zai mayar da shi wurin likitan tiyata ranar duba ɗinki? Likita sau nawa yake zagayawa? In jiki ya rikice da dare me ake yi? A nan ne gadon juyi ya yi wa gidan jinya zarra a ganina, saboda asibiti ne, akwai nas dare da rana, ga ɗakin gwajin jini da hoto da ɗakin gaggawa duk a gini ɗaya, ba sai an kira motar asibiti an yi tafiyar mil arba'in don a auna jini ba.

Amma in faɗi gaskiya ba kowa ne gadon juyi ya fi dacewa da shi ba. Wanda yake da ƙarfin jure gashi mai tsanani, awa uku a rana kwana biyar a sati, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki ko rauni a laka ko ƙwaƙwalwa, asibitin gashi na musamman zai fi masa ko da ya yi nisa, don a can akwai likitan da wannan ne fanninsa. Wanda kuma yake iya tashi ya zaga cikin gida kuma akwai mai zama da shi, a turo masa nas da mai gashi gida ya wadatar. Ka tambayi mai gashin da ya gwada shi, in mahaifinka ne ina za ka kai shi, ka saurari amsar da kyau.

Batun kuɗi. A Medicare na asali ana biyan har kwana 100 a zango ɗaya na jinya. Kwana 20 na farko ba ku biyan komai na gado da abinci da magani da gashi, tunda an riga an biya kuɗin shiga na Sashen A, wato ɓangaren Medicare na kwanciyar asibiti, a kwanciyar farko, wanda a 2025 dala 1,676 ne. Daga rana ta 21 zuwa ta 100 akwai kason da majinyaci ke biya kullum, dala 204 a 2024, dala 209.50 a 2025, kuma duk shekara yana canzawa. Kwana goma kawai a haka ya kai dala 2,095. Kuɗin ganin likita daban ne, yana ƙarƙashin Sashen B na Medicare inda kuke biyan kashi 20 cikin ɗari. Mai ƙarin inshora ta Medigap ya duba harafin tsarinsa, C da D da F da G da M da N suna ɗauke wannan kason na kullum, K rabi, L kashi 75, A da B kuwa ba sa ɗauka. Kuma dan Allah kada ku ɗauka kwana 100 ɗin nan alkawari ne, iyaka ce kawai, da zarar an ga buƙatar ƙwararru ta ƙare biyan ya tsaya ko da rana ta 12 ce. Zangon ba ya sabuntuwa sai mutum ya yi kwana 60 a jere ba ya asibiti kuma ba ya karɓar irin wannan kulawar. Kowace jiha tana da ofishin SHIP da ke ba da shawara kyauta kan Medicare, ba su sayar da komai, ku kira su, ko lambar Medicare ɗin kanta 1-800-633-4227.

Wanda Turanci bai zauna masa ba yana da haƙƙin a samo masa tafinta kyauta, duk asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne a kansa, a ƙauye galibi ta waya ko bidiyo ake yi. Ku nema, kada a sa yaro ɗan shekara goma sha biyu fassara bayanin maganin tsinka jini. Haka in Mama ta fi son mace ta yi mata wanka, ko akwai abin da ba ta ci, a faɗa ranar farko a rubuta a fayil.

Ranar tafiya a tabbatar takardar sallama da jerin magunguna da sakamakon gwaje-gwaje sun riga shi isa ko suna hannunku, a tambayi ƙarfe nawa aka ba shi maganin ciwo na ƙarshe don kada a yi doguwar tafiya a mota ciwo ya taso a hanya. A ɗauko masa kaya masu saukin sawa, takalmi mai rufe dunduniya wanda ba ya santsi, tabarau, abin ji, haƙoran roba in yana da su, waɗannan ƙananan abubuwan suna hana tsoho rikicewa fiye da yadda ake zato.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato zaman kansa, don samun gadon rabin aiki ne. Kwanciya tana cin tsoka da sauri, wani bincike da aka buga a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu lafiya ƙalau kwana goma aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa, masu lafiya fa, balle wanda aka yi wa aiki kuma ba ya cin abinci. Shi ya sa za ka ga masu gashi suna tayar da mutum yana cije baki, kai kuma tausayi ya kama ka ka ce a bar shi ya huta. Na san wannan tausayin, kowa ya ga mahaifinsa yana nishi zuciyarsa za ta karye, amma barinsa a kwance shi ne cutarwar. Haka in ya miƙa hannu zai ɗauki kofi yana rawa kada ka yi caraf ka kai masa baki, in yana fama da maɓallin riga ka ba shi lokaci, wannan faman shi ne maganin. Masu gashin kashi uku ne, akwai mai koyar da tashi da tafiya da hawa matakala, akwai mai koyar da ayyukan yau da kullum kamar wanka da sa kaya da shiga banɗaki, sai mai kula da magana da haɗiya. Ka zauna a wurin lokacin da suke aiki ko sau biyu ne, ka ce su nuna maka yadda ake tayar da shi ba tare da ka ja shi ta hammata ba ko ka karya bayanka, da yadda ake shigar da shi mota, ka gwada a gabansu su gyara maka. Ka roƙi nas ta ba shi maganin ciwo kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin gashi, don da yawa masu ƙin tashi ba taurin kai ba ne, zafi ne. Kuma ku sani in yana yawan ƙin gashi ana rubutawa, kuma hakan na iya sa a ce ba ya amfana a tsayar da biya.

Amfanin kusa da gida kenan, kuna iya leƙowa safe da yamma, kuma idonku yana ganin abin da nas ba za ta gani ba don ba ta san shi da ba. In kun ga Baba ya fara surutai, ba ya gane mutane, yana barci da rana yana fizge-fizge da dare, kada ku ce tsufa ne, ku faɗa nan take, irin wannan rikicewar ta farat ɗaya sau da yawa ciwon fitsari ne ko ƙarancin ruwa a jiki ko wani magani, kuma tana warkewa in an gano dalilin. Ku duba dunduniya da ƙasan baya da gefen ƙugu, in fata ta canza launi ko ta yi zafi ko tauri to gyambon kwanciya ne ke shirin fitowa, a fata mai duhu ba ja yake yi ba, duhu yake ƙarawa, shi ya sa ake saurin kuskure shi, wanda ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi kamar duk awa biyu. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, wannan gudan jini ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, a kira nas a guje. Tari ko shaƙewa lokacin cin abinci, ko murya ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro, alama ce abinci na bin hanyar huhu, kada ku ba shi komai daga gida sai kun tambaya ko an sa masa dokar kauri a abin sha. Kwana uku ba bahaya a faɗa, magungunan ciwo masu ƙarfi suna ɗaure ciki. In da robar fitsari a jikinsa ku riƙa tambaya yaushe za a cire, duk kwanan da ta ƙara haɗarin ƙwayar cuta ne.

Ku nemi a sa ku a zaman da ma'aikata ke yi kan majinyaci, yawanci duk sati, ko ta waya ce. Ku tambayi burin da aka sa masa da lamba, taku nawa, matakala nawa, da taimakon mutum nawa, kuma wace rana ake hasashen sallama. Ku gaya masu gaskiyar gidan, matakala biyar ce a ƙofa, banɗaki a sama yake, ba kowa daga safe zuwa biyar na yamma. A kan wannan za su tsara gashin. Mutum ɗaya a dangi ya zama shi ne mai magana da asibiti, a rubuta sunansa a fayil, in ba haka ba kowa ya kira ya ji rabin zance. Mai aiki a kamfanin da ke da ma'aikata 50 ko fiye, wanda ya shekara a wurin kuma ya cika awa 1,250, dokar FMLA ta 1993 ta ba shi hutun har sati 12 ba albashi don jinyar uwa ko uba ko mata ko miji ko ɗa, aikinsa na nan yana jiransa, kuma ana iya ɗaukarsa gutsi-gutsi.

Wata rana za a kawo maku takarda cewa Medicare zai daina biya daga rana kaza, dole ta zo aƙalla kwana biyu kafin ranar. Sa hannu a kanta yana nufin kun karɓa ne kawai, ba wai kun yarda ba. In kuna ganin bai isa komawa gida ba akwai lambar wata hukuma mai zaman kanta da ake kira QIO a jikin takardar, ku kira a ranar da kuka karɓa, kada ku kwana, don wa'adin gajere ne ƙwarai, yakan ƙare da tsakar ranar washegari. Kyauta ne, likitansu zai duba fayil, amsa na fitowa cikin kamar kwana uku. Kuma in dalilin da aka ba ku shi ne wai ya daina samun ci gaba, ku sani wannan kaɗai ba hujja ba ce, sasancin shari'ar Jimmo na 2013 ya fayyace cewa Medicare na biya in ana buƙatar ƙwararre don riƙe mutum a inda yake ko hana shi lalacewa, ba sai yana ƙara samun sauƙi ba. Har yanzu akwai ma'aikatan da ke maimaita tsohon zancen, ku ambaci sunan shari'ar cikin ladabi ku roƙi likita ya rubuta dalilin da ya sa ake buƙatar ƙwararren.

Shirin komawa gida tun satin farko ake fara shi. A naɗe ƙananan darduma da wayoyin wuta da ke kan hanya, a sa fitila tsakanin gado da banɗaki, in zai yiwu a sauko da gadonsa ƙasa. Sashen B yana biyan kashi 80 na ƙarfen dogarawa da keken guragu da kujerar bahaya ta gefen gado da gadon asibiti in likita ya rubuta, amma Medicare na asali ba ya biyan ƙarfen kamawa na bangon banɗaki da kujerar wanka, waɗannan ku za ku saya kuma ku sa a kafa su kafin ya iso. A zauna da nas ko mai famasi a ɗauko duk kwalaben maganin da ke gida a gwada da sabon jeri, wanne aka tsayar wanne aka canza wa ƙarfi, don shan tsoho da sabo tare yana cikin abubuwan da ke mayar da mutane asibiti. A karɓi ranar ganin likita cikin sati ɗaya zuwa biyu kafin a fita, a ji sunan kamfanin da zai turo nas ko mai gashi gida da ranar zuwansu na farko, a ƙauye wannan yakan yi jinkiri, in babu a tambaya ko zai riƙa zuwa gashi a asibitin yana komawa gida. In kuma an koma gida aka ga abin ya fi ƙarfinku, ya faɗi ko ciwon ya buɗe ko ya kasa tashi, ku kira mai kula da shirin nan da nan, don in bai wuce kwana 30 da fita ba kuma buƙatar ƙwararru ta dawo kan ciwon nan, ana iya mayar da shi gadon juyi ba tare da sabuwar kwanciyar kwana uku ba, a ci gaba da lissafi daga inda kwanakinsa suka tsaya.